Awon Labule a Gidan Gilashi

Sallama gare ku 'yan uwa. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don wallahi abin har yau yana raina, alhali ya kwana biyu da wucewa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Hindu, haifaffiyar unguwar Magaji a garin Jega, ɗinki ne sana'ata tun ina 'yar makaranta. Abin da zan ba ku ya faru lokacin da Jihar Kebbi ba ta daɗe da cika shekara goma ba. Shari'a na sabuwa a bakin kowa, wayar hannu kuma ta fara leƙo garinmu, sai ka hau kan buhunan albasar Baba a tsakar gida kafin ka samu sabis.

Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, ƙannena mata biyu duk suna ɗakin mazajensu. Kun san me hakan ke nufi. Ko tari na yi sai Inna ta ce, "Da kina ɗakinki da wani ya ce miki sannu." Ni kuwa ban ga laifina ba. Wani ya zo ya ce sai na sayar da keken ɗinki, wani ya zo yana lissafa min sunayen matan da ya saka kamar abin alfahari. Na ce su ƙara gaba.

Sai ga Naziru.

Ɗan garin Maiyama ne, aminin yayana Lauwali. Tare suka yi shekaru a Legas, Naziru na zana gidaje, Yaya na yi masa aikin katako. Gajere ne, tsaf-tsaf da shi, kullum cikin farar shadda mai ɗinkin zare ɗaya, ƙamshin turarensa ba ya hawa kai. Ranar da ya fara zuwa zance bai ce min ina da kyau ba. Wuyan rigar da na ɗinka ya duba, ya tambaye ni yadda na yi ya kwanta haka. Jama'a, nan take na faɗa. Shi ya saya min waya, kullum da yamma sai ta yi ƙara:

"Barka da yamma Hindu. Ya aiki? Kin ci abinci?"

Bai taɓa wuce haka ba. Ni kuma sakarya ina rungume da waya ina cewa kunya ce irin ta mutanen kirki.

Bari in gaya muku wane ne Yaya Lauwali, don shi ne kan maganar. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, Dogo take ce masa, kuma sunan ya bi shi. Duk ƙofar gidanmu sai ya sunkuya yake shiga, babu gadon da ya taɓa ɗaukarsa, kullum ƙafafunsa a waje. Yana da ciwon ƙirji tun yana ƙarami, ba ya kwanciya sai da ɗan gwangwanin man zafi a ƙarƙashin matashi, wanda Inna ke haɗa masa da kanumfari. Shi ya saya min keken da nake ci da shi. Shekara guda kafin wannan magana ya kawo min wani shuɗin yadi ya ce in yi zanin gado, ya ba ni awo. Na ce, "Yaya, wannan ai na raƙumi ne." Ya yi dariya ya ce na wani maigidansu ne a Legas. Zare ya ƙare min a kusurwar ƙarshe, na ƙarasa da ja don ba na son fita kasuwa.

Akwai kuma abin da ya faru a tasha, wanda har yau ba na son tunawa. Wani mai sayar da abinci ne, Tamu, ɗan daudu, duk direban da ke bin hanyar nan ya san miyarsa. Wata ranar kasuwa ina bayan kabu-kabu na ga taro. Samari sun kifar da tukwanensa, sun zaunar da shi cikin miyar suna aske masa kai da kwalba, jini na bin kunnensa. Ba ya ko kuka, salati kawai yake. A gefe na hango Baffa Sanusi, ƙanin Baba, wanda ke cikin kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa, ya goya hannu a baya yana kallo. Daga ranar ba a sake ganin Tamu ba. A makon nan ne manyan Naziru suka zo neman aurena, ni ko a jikina ban haɗa abubuwan biyu ba.

To, kun san al'ada. Kafin jere sai mata sun je sun ga ɗakin amarya, a san inda gado zai zauna, inda za a kafa kabad, yawan labulen da za a ɗinka. Amarya ba ta zuwa, abin kunya ne. Amma gidan Naziru ba irin gidan da muka sani ba ne. Ya gina shi a bakin gulbi, bayan gari, mutane na ce masa gidan gilashi. Duk telan da aka yi wa maganar tagoginsa sai ya ce bai san ta inda zai fara ba. Na ce ni zan auna abina. Gwaggo Iyatu, yayar Baba, ta riƙe haɓa.

"Ɗiyar zamani! To ki rufe fuska ki bi bayanmu, kowa ya tambaya ƙanwar amarya ce ke."

Muka tafi mu uku da hantsi: ni, Gwaggo, da Asabe matar Baffa Sanusi. Asabe irin matan nan ne da ke gaishe ka suna ƙirga maɓallan rigarka. Na sa atamfa ruwan ganye, na ja baƙin hijabi har goshi, tef ɗin awo a wuyana. Naziru ya tafi Maiyama, ya bar mana makulli.

Daga hanya ba ka ganin komai sai dogon farin bango da ƙofa ɗaya. Babu katanga, babu zaure, rufin a shimfiɗe kamar tire. Gidan kansa a kan ginshiƙai yake tsaye, wai don in gulbi ya cika ruwa ya wuce ta ƙasa. Gwaggo na hawa matakala tana haki tana faɗa.

"Wanga gida ko rumbu? Ina baƙo za ya tsaya ya yi sallama? Ina mace za ta shanya tsummanta?"

Muna shiga na daskare. Duk gaban gidan gilashi ne, daga ƙasa har sama, gulbin gaba ɗaya kamar ya shigo falo. Ƙasan katako ne mai santsi, na gane hannun Yaya a kowace gaɓa. Ba shigifa, ba turaka, ba sashen mata. Falo da madafa a haɗe suke, sai ɗakin kwana ɗaya tak. Wallahi ya yi min kyau, har na hango kaina a zaune ina ɗinki cikin wannan hasken.

A ɗakin kwanan ne abin ya lalace. Kowa ya san ɗakin amarya fayau ake barinsa, gado daga gidan ubanta yake zuwa. Amma nan ga gado an riga an gina shi a jikin bango, na katako mai kauri, ko mutum goma ba za su ɗaga shi ba.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "To namu gadon a kanmu za mu aza shi?"

Ta tuɓe mayafi ta shiga auna shi da kamu, gwiwar hannu zuwa yatsa, tana ƙirgawa a hankali. Ta kai ƙarshe, ta dawo ta sake. Sai ta kwashe da dariya.

"Ke Asabe, zo ki gani. Angon nan ai ko kafaɗata bai wuce ba, amarya ma gajeruwa. Wa anka yi wa wanga gado? Duk Jega mutum guda na sani mai wanga tsawo, Dogonmu."

Gwaggo da zuciya ɗaya ta faɗa. Asabe ba ta yi dariya ba. Ni kuwa idona na kan zanin da ke shimfiɗe, shuɗi, ya sha wanki har ya yi laushi. Na matsa kamar zan gyara shi, na ɗaga kusurwar da ke jikin bango. Jan zarena na nan.

Innalillahi. Na saki kusurwar da sauri. Na ce wa kaina, to me? Kafinta ne, a nan yake aiki, wataƙila yana ɗan kishingiɗa da rana. Amma me ya kai shi yi min ƙaryar maigida a Legas?

"Ni na ce a ƙara tsawon," na ji bakina ya faɗa. "Ina so in riƙa shimfiɗa yadi a kai ina yanka."

"Uhm," in ji Asabe.

Daidai nan wani masunci ya biyo ta gabanmu a kwale-kwale. Kusa ƙwarai, har ina ganin facin da ke gwiwar wandonsa. Ya ɗago kai ya dube mu tsakiyar ido ta cikin gilashin, ya ɗaga mana hannu. Can gaba kaɗan mata na wanki a kan duwatsu.

"Ashe," Asabe ta ce a hankali, "duk abin da anka yi cikin wanga ɗaki, na cikin jirgi na kallo."

Ta kai hannu ta ɗaga matashin gefen bango. Ɗan gwangwani ya gangaro. Ta buɗe ta shinshina, ƙamshin kanumfarin Inna ya cika ɗakin.

"Shi ma angon ciwon ƙirji gare shi?"

Ina kallo ta jefa shi cikin jakarta ta ja zif. Na yaye zanin na ce ya yi datti zan wanke, na cusa a tawa jakar. Yadda na auna tagogin nan ban sani ba, tef na zamewa daga hannuna, Gwaggo na yi min tsiya wai ɗokin aure ne.

Bayan la'asar na tafi shagon Yaya. Shi kaɗai ne, yana goge wani katako. Ban yi sallama ba. Na fito da zanin na ajiye a gabansa, jan zaren a sama.

Ya dube shi ya daɗe. Sai ya zauna a kan benci.

"Wa ya gani?"

"Gwaggo ta auna gadon. Asabe ta tafi da man zafinka."

Ya rufe fuska da tafukansa. Numfashinsa ya fara wannan ƙarar da na sani tun muna yara.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya. Kada ka sake yi mini ƙarya, don Allah."

Bai kalle ni ba ya fara magana. Ya ce a bayan Legas akwai wani bakin teku da ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. Masu kuɗi sun gina gidajen hutu a can, na katako da gilashi, a kan ginshiƙai, duk sun juya wa hanya baya sun fuskanci ruwa. Shi da Naziru sun yi aikin da yawa daga cikinsu. Ranar Juma'a da yamma sai jirage su fara kawo maza, ma'aikatan banki, teloli, direbobi, masu dafa abinci, Hausawa da Yarbawa har da Turawa. A dafa abinci, a sa kiɗa, a yi ta shewa, wannan ya kira wancan ƙawata, babba a ce masa uwar ɗaki. Masu harka, haka suke kiran kansu.

"Can ne na fara yin dariya ban waiga ba, Hindu. Ban taɓa sanin akwai irina da yawa ba. Da munka dawo, Naziru ya ce bari mu yi namu, ko ƙarami ne."

"A bakin gulbi? Inda rabin gari ke wanki?"

"Can in ka buɗe labule ba kowa gabanka sai ruwa har iyakar gani. Munka ɗauko zanen yadda yake. Mun manta nan gulbi hanya ce."

Ya ce masunta sun fara magana tun damina. Da aka yi wa Tamu abin da aka yi, sai suka san saura su.

"Aurena fa? Shawarar wa ce?"

Ya sauke ido kan zanin.

"Tawa ce. In kina gidan, kowa ya gan ni can ya san wurin ƙanwata na zo."

Na sha jin ana cewa zuciya ta fashe, ranar na san ba ƙarya ba ne. Da Naziru ne ya shirya da sauƙi. Yayana ne, wanda ke goya ni zuwa makarantar allo in ƙaya ta soke ni.

"Za ya riƙe ki da mutunci, wallahi. Ba za ya hana ki ɗinki ba, ba za ya..."

"Zai so ni?"

Hawaye na bin gemunsa.

"Na cuce ki," ya ce. "Ki fasa. Ni in tahi inda ba a san ni ba."

"In fasa yau, bayan na fito daga ɗakin nan da Asabe? Ai ko ban buɗe baki ba na ba da shaida. Kana jin za ka kai tasha?"

Kada ku tambaye ni hukunci, 'yan uwa. Na san abin da aka karantar da mu, ban manta ko harafi ba. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi. Amma duk na rufe ido sai in ga Tamu zaune cikin miya, sai fuskar ta koma ta Yaya.

Na koma gida na hau buhunan albasa kamar mai shan iska. Saƙo ya shigo.

"Hindu, Lauwali ya gaya mini. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Duk abin da kika zaɓa ba zan ga laifinki ba. Amma ki sani, Baffanku ya aika an kira masunta biyu."

Karon farko ke nan da ya rubuto min abin da ya wuce gaisuwa. Na goge shi, na goge sauran duka.

Washegari da hantsi Inna ta leƙo ɗakina, fuskarta ba walwala.

"Babanku na kira. Zaure. Ki sa hijabi."

Baba na zaune a kan buzunsa, ko kasuwar Aliero bai tafi ba ranar, ga motar albasa na jiransa. Baffa Sanusi na gefensa da carbi. A tsakiyar tabarma ga ɗan gwangwanin nan. Yaya na tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ta waje ina jin muryoyin samari, ba su da yawa, amma ba tafiya suke ba. Na durƙusa na gaishe su.

Baffa ya yi gyaran murya. "Hindu, ke yarinya ce mai gaskiya. Masunta sun ce sun sha ganin dogon mutum cikin ɗakin kwanan gidan can da sassafe, ba riga. Ga kuma abin da anka samu ƙarƙashin matashi. Kin shiga ɗakin da ƙafarki. Mi kinka gani?"

Na dubi gwangwanin, na ce:

"Ni na roƙi Yaya ya riƙa kwana can, Baffa. Kabad nake so ya gama mini kafin biki, kullum sai ya ce gobe."

"Tun damina?"

"Tun damina ake maganar auren tsakaninmu. Kunya ta hana mu faɗa."

"Za ki dafa Alƙur'ani?"

Wallahi da an kawo ban san abin da zan yi ba. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Sanusi, ba a rantsar da ɗiyata cikin zaurena." Ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar. "Magana guda zan tambaye ki, kuma ba mai tilasta miki. Mace ba ta shiga gidan da ta ga abin ƙi da idonta. Kin ga gida, kin ga ɗaki. In ranki bai kwanta ba, yau a mai da musu kayansu, mu kuma mu san abin da ke nan. Kina son auren ga?"

Ban iya kallon fuskar Yaya ba, ƙafafunsa na kalla, dogayen nan da ba su taɓa samun gado daidai su ba sai guda ɗaya.

"Ina so, Baba," na ce. "In da hali ma a matso da ranar."

Daga cikin gida Gwaggo Iyatu ta rangaɗa guɗa, ashe suna laɓe. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya tura gwangwanin da bayan hannu ya miƙe. Na ji yana ce wa samarin su watse. Na ɗauki gwangwanin na ajiye a gaban Yaya, ban yarda mun haɗa ido ba, na shige ciki.

Asabe na tsaye a bakin ɗakina. Ta kama hannuna tana murmushi, ta gyara min hijabi kamar mai lallashi, ta matso daidai kunnena.

"Allah sanya alheri, amarya. Ki ɗinka labulenki masu kauri. Mu dai daga ranar da anka kai ki za mu fara ƙirgen wata, mu ga ko za a yi suna."

Ta sake ni ta wuce tana taya Gwaggo guɗa. Na shiga na rufe ƙofa, na jawo yadin labulen na ninka shi biyu, na sa a ƙarƙashin allura. Na ɗora ƙafa a kan keke, ƙafar ta ƙi takawa.